Ta'aziyyar da Na Kai wa Anti Noi

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ta watan Mayun 1992 ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in ta faɗo mini ina tsakiyar wanke-wanke, sai in ji na ce "kai!" da ƙarfi ni kaɗai, yara su leƙo su tambaya ko wuƙa ce ta yanke ni.

Lokacin shekarata biyu a New York. Ina aikin jinya a wani asibiti a Queens, maigidana yana karatu, Asabar da Lahadi kuma yana tuƙa tasi. Mutanenmu duk suna Bronx ko Harlem, mu kuwa don kusa da wurin aiki muka kama haya a Elmhurst, layin da duk inda ka waiga ɗan Thailand ne. Muna sama, mai gidan tana ƙasa. Sunanta Noi, ita ma ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya rasu, ta ba ni kusan shekara ashirin. Ina ce mata Anti Noi, ita kuma tana ce mini Nong, wato ƙanwa da yarensu.

Da farko warin ruwan kifin da take zubawa a girki ya hana ni sakat, kullum ina yi wa maigida ƙorafi. Ranar da na jefa daddawa a miyar kuka kuwa, sai ga ta ta hauro da tsintsiya, wai ɓera ya mutu a cikin bango. Muka yi kunnen doki, daga nan muka shirya. Da ta gane ba na cin alade, tukunya sabuwa ta saya ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce wannan ta Nong ce.

Ɗanta guda ɗaya ne, Chai (e, kamar shayi, ni ma na yi wannan dariyar), yana jami'a a Bangkok, yana zaune wurin ƙanwarta. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto.

A watan nan ne rikici ya tashi a ƙasarsu. Wani janar ya hau kujerar firaminista ba tare da an zaɓe shi ba, mutane suka cika tituna suna cewa ya sauka. Falon Anti Noi ya koma dandali. Matan layin suna taruwa gaban talabijin, wasu suna jiran layin tarho ya shiga, domin a cewarsu mu da ke Amurka mun fi na can ganin abin da ke faruwa, sai su kira gida su ba su labarin garinsu. Ni kuwa, da yake na tashi a ƙasar da ake wayar gari a ji kiɗan soja a rediyo, sai na naɗa kaina shugabar masana. Ina zaune a hannun kujera ina ba da fatawa.

"Ku ce su sayi shinkafa su kulle ƙofa," in ji ni. "Kuma in kun ji gwamnati ta ce an shawo kan lamarin, to yanzu aka fara. Mu mun ga jiya mun ga yau."

Suna murmushi suna gyaɗa kai. Na ɗauka burge su nake yi. (Sai daga baya na gane mutanen nan ko ƙafarsu ka taka murmushin za su yi maka.)

Ranar Litinin wasa ya ƙare. Sojoji suka buɗe wuta, ƙanwar Anti Noi ta bugo ta ce Chai ya fita da abokansa tun Lahadi bai dawo ba. Talabijin yana nuna samari ba riga, an ɗaure musu hannu ta baya ana loda su a manyan motoci. Anti Noi ta durƙusa gaban akwatin, hancinta ya kusa taɓa gilashi, tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ranar ko ni ban sami fatawa ba. Na dafa mata shayi, ya huce a gabanta.

Alhamis da Juma'a aka rasa ma'aikata a ɓangarenmu, na haɗa aiki biyu-biyu, ban ko leƙo gida ba. A asibiti na ji an ce sarkinsu ya kira shugabannin ɓangarorin biyu ya yi musu magana, harbi ya tsaya. Amma labarin Chai ban ji komai ba.

Na sauko daga jirgin ƙasa da safiyar Asabar, idona kamar an zuba barkono. Tun daga nesa na hango takalma jibge a ƙofar gidanmu. Mata suna shiga da tire-tiren abinci, ana shimfiɗa tabarmi, ta taga kuma na hango hoton Chai a kan tebur, an zagaye shi da furanni, ga kyandir ga turare yana hayaƙi. A bakin matakala na ci karo da wata tsohuwa maƙwabciyarmu wadda Turancinta bai fi kalma ashirin ba. Fuskarta jage-jage da hawaye.

Na riƙe hannunta na ce, "Chai?"

Ta haɗa tafukanta ta kai goshi, ta ɗaga ido sama, ta ce da Turanci, "Chai ya koma gida."

To, a asibitinmu in abokan aikina suka ce tsoho ya koma gida, ɗakin ajiye gawa ake kira. Mu ma a Hausa ai ba ma faɗin mutuwa kai tsaye. Ga hoto, ga furanni, ga hawaye, ga ido a sama. Me ya rage?

Mai hankali da sai ya taka taku biyar ya shiga ya tambaya. Ni kuwa na ce Allah ya kiyaye in shiga gidan mutuwa da kayan aiki, hannu rabbana, ni kaɗai kamar marar dangi. Kuma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, akwai wani abu a raina da ke cewa bari in nuna wa mutanen nan yadda ake zumunci a ƙasar Hausa. Na haye sama a guje, ko kicin ban leƙa ba, na rarumi tarho.

Na fara da Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi mai jefa Faransanci a magana, mai sayar da atamfa a titi na 116 a Harlem.

"Mi kinka ce? Ɗan guda? Innalillahi! Bon, ɗiyata, ki jira ni, yanzu nika tahowa."

Sai Maman Grace, 'yar Kafanchan, ma'aikaciyar jinya a Bronx kuma shugabar zumuntar mata a cocinsu. Ita ko tambayar sunan mamacin ba ta yi ba. Babu wadda ta taɓa ganin Anti Noi a cikinsu, amma kafin awa biyu sun iso. Hajiya Rabi ta rufe shago ta rungumo ƙatuwar kula ta dafa-duka, Maman Grace cikin baƙaƙen kaya da littafin waƙoƙi. Ni kuma na yafa mayafi mafi duhu da na mallaka. Muka jeru muka sauka.

Falon cike yake, mutum kusan talatin a zaune a ƙasa. Malaman addininsu biyar, masu askakken kai da mayafi ruwan goro, suna jere jikin bango suna karatu da murya ɗaya, farin zare yana bi ta hannuwansu. Anti Noi tana gaba cikin wata rigar alharini mai sheƙi, har da jan-baki. Na lura da jan-bakin nan sarai. Na ce a raina, Allah sarki, ruɗewa ce.

Hajiya Rabi ce ta buɗe fage tun daga bakin ƙofa. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wayyo ɗiyan mutane! Soja bai yi ba, wallahi soja bai yi ba!" Maman Grace ta ɗauki wata waƙa a hankali tana rangaji. Karatun malaman ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya. Kowa ya juyo. Suna murmushi. Na ce ka ga masu tawakkali.

Na ratsa mutane na durƙusa gaban Anti Noi, na kama hannayenta biyu, na gyara murya. Da ma tun a sama na tsara jawabina da Turanci, har na gwada shi gaban madubi.

"Anti, sai haƙuri. Wanda ya ba ki shi ya fi ki son sa. Chai yaron kirki ne, mai ladabi, mai biyayya, bai taɓa ɗaga ido ya kalli babba ba." (Yaron da ko muryarsa ban sani ba.) "Ya tafi yana neman wa ƙasarsa 'yanci, babu mutuwar da ta fi wannan daraja. Ni dai tun ranar Talata jikina ya ba ni. Mu mun san soja. Allah ya sa ya huta."

Ina magana ina jin daɗin yadda kalmomin ke fita. Sai na ɗago na kalle ta. Murmushin ya zame daga fuskarta.

"Nong," ta ce, "wa ya gaya miki? A asibiti kika ji? A talabijin? Jiya fa na yi magana da shi. Jiya!"

Ban gane ba tukuna. Ta fizge hannunta, ta miƙe. Falon ya rikice da yaren da ba na ji. Wani ya jawo tarho da doguwar wayarsa har ya ture kwanon furanni. Ashe an kama Chai ne tare da sauran samari, aka tsare shi kwana uku, aka sako shi ranar Alhamis. Ya koma gida. Gidan ƙanwar uwarsa, mai ƙofa da taga. Taron nan sadakar godiya ce. Ni kuma, macen da ta yi mako guda tana shelar ta fi kowa sanin halin soja, na shigo da tawaga da baƙaƙen kaya na sanar da uwa cewa ɗanta ya mutu. Me zai hana ta yarda?

Sau uku ana bugawa layi bai shiga ba. Ban san tsawon minti ba sai ranar. Ina durƙushe inda nake, ina roƙon Allah abu biyu: ya sa yaron nan ya ɗauka, in ya so daga baya ƙasa ta tsage in shige. Hajiya Rabi ta matso ta raɗa mini, "Ke, wai mi a ciki? Ya mutu ko bai mutu ba? In san irin kukan da za ni yi."

A bugu na huɗu aka ɗauka. Anti Noi ta ƙwala kiran sunansa. Muka ji wata murya can nesa tana amsawa. Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, tana kuka tana masa faɗa, sai kuma ta kalle ni, ta kalli mayafina, ta kalli Maman Grace da littafinta a buɗe, ta fashe da dariya. Dariyar ta kama falon kamar wutar kara. Har babban malamin, tsoho mai tabarau, sai da ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa.

Ta miƙo mini kan tarhon. Na girgiza kai. Ta dage.

"Anti ta sama?" in ji wata murya da Turanci mai kyau, da alama ma abinci yake taunawa. "Mama ta ce kin yi jawabi a kaina. Don Allah ki maimaita. Tunda aka haife ni ba a taɓa cewa ina da biyayya ba."

Na ce, "Sannu da dawowa," na ajiye.

Na so in sulale, Anti Noi ta riƙe gefen mayafina. Ta tambaya su wane ne waɗannan. Na ce ƙawayena ne, ɗaya daga Harlem, ɗaya daga Bronx. Ta ce sun san Chai? Na ce ko ke ba su sani ba. Ta kalle su, sannan ta haɗa tafukanta ta sunkuya musu har ƙasa. Aka buɗe kular Hajiya Rabi aka jera ta cikin abincin sadaka. Tsohon malamin ya ɗanɗana dafa-dukar, ya yi wata magana, aka fassara mana: wai abincin da aka dafa don mamaci, a kowace ƙasa masu rai ne ke cinye shi, saboda haka ba a yi asara ba. Maman Grace ta ce tunda ta riga ta buɗe littafi ba za ta rufe haka ba, ta juya shafi ta yi waƙar godiya. Suka tafa mata.

Da la'asar na hau sama na shiga kicin. A jikin firij, da rubutun maigida manya-manya, ga takarda: "An sako Chai, yana lafiya. Anti ta ce ki sauko cin abinci ƙarfe sha ɗaya. Ki sa kaya masu kyau."

Bayan shekara guda abin ya zagayo kanmu. Aka soke zaɓe a gida, Legas ta hargitse, ƙanena yana Agege, kwana biyu ba mu same shi ba. Ina zaune na tasa tarho a gaba sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Anti Noi ce da kwanon miya mai zafi. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin ƙofa, ta haɗe fuska kamar da gaske.

"Nong, kafin in ce komai: kowa yana da rai? Ina so in tabbatar, don in san ko in kira ƙawayena."

Na yi dariya har da hawaye, karo na farko a kwana biyu. Ta zauna tare da ni har ƙanen nawa ya bugo daga gidan wani abokinsa, lafiyarsa ƙalau.

Tun daga lokacin, ko gawa na gani a shimfiɗe an lulluɓe, sai na tambayi mutum biyu kafin in ce Allah ya jiƙansa. Kuma in na shiga gida, ko gobara ake yi, firij nake fara dubawa.