Yadda Za Ka Kuɓuta Daga Ɗaukar Kayan Surukai da Ƙwayar Furotin

Idan surukarka za ta tashi daga unguwar Mahjar zuwa benenku da ke Ammariyya, kuma kai aka zaɓa wa firiji, bi matakan nan. Abokina Hatim, mai bincike a wata jami'a a nan Jidda, ya gwada su. Tabbas suna aiki.

1. Aika ƙwayoyinka Turai

Ka daskarar da ƙwayoyin furotin ɗinka, waɗanda ba su kai ƙwayar gishiri ba, ka tura su sinkurotoron, katafaren injin nan mai haska su da eksire don a ga siffarsu. A can mutum-mutumi ne ke ɗauka, ya saita, ya haska, ya ajiye. Kada ka kuskura gida su ji wannan.

2. Nemi lokacin amfani da injin ranar tashin suruka

Ka ce su suka ba ka. Mai ilimi ba ya zaɓar rana, ranar ce ke zaɓarsa.

3. Ɗaure fuska

Buɗe kwamfuta a falo. Hatim ya yi haka, matarsa Tahani ta leƙo.

"Yalla, motar kaya ta iso!"

"Wallahi mashghul nake, aiki ya riƙe ni. In na ɗaga ido, hasken zai kauce."

Hasken bai san da zamansa ba.

4. Yi wa suruka bayani, amma kaɗan

Surukarsa Hajiya Jamilatu ta zo da kanta. "Ya waladi, wane aiki ne ya fi firijina?"

"Khala, eksire nake ɗauka daga nan har Turai."

Ta ce, "Masha Allah. Halas, shi ke nan, zauna." Ƙannen Tahani suka hau bene da firiji suna harararsa.

5. Karɓi girmanka

Washegari Hajiya ta dawo da ƙawayenta na Mahjar, kowacce da ciwon gwiwa, suka jeru gaban kwamfuta. Hatim ya ce injin ba ya ɗaukar mutum.

"Ka hasko Turai, ka kasa hasko gwiwata?" in ji ta.

Yanzu shi ke kai su asibiti duk sati, a motarsa, ya kuma bi musu layi.

Gargaɗi: na yi alkawarin raba ka da kaya, na cika. Abin da ya biyo baya tsakaninka da matan Mahjar, ban san ka ba.