Fuskar Malam Sali a Allon Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, lokacin ina aiki a shagon buga takardu na Madam Asta a unguwar Briqueterie. Kwamfuta ɗaya ce tal a shagon, tsohuwa tukuf. Ni kuwa sabon shiga ne mai rawar kai, na ga allonta shuɗi fayau kamar bangon asibiti, raina bai so ba. Cikin mako guda na yi mata kwalliyar amarya: kifaye masu iyo a ƙasan allo, agogo uku (har da na Makka, don a san ni mai addini ne), kibiyar nuni mai jan wutsiyar taurari. Sannan na saita hoton bango ya riƙa sauyawa da kansa daga jakar hotuna ta cikin kwamfutar. Ban tsaya duba abin da ke cikin jakar ba.

Tun daga nan baiwar Allah kwamfutar ta fara nishi. In na danna abu, sai na kurɓi shayi sau biyu kafin ta amsa. Na ɗora laifin a kan tsufa.

Ranar ana ruwa, gari ya yi duhu tun bayan azahar, Madam kuma ta tafi unguwar Tsinga. Baffa Hamadu, wani dattijo mai sayar da yadi, ya shigo a buga masa sanarwar addu'ar bakwai ta ƙanensa Malam Sali tela. Ya zauna kusa da ni, yana faɗa ina bugawa. Na buga sunan marigayin, allo bai nuna komai ba. Na sake, na kuma sakewa. Shiru. Na janye hannuwana na ɗora a cinya.

Sai haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke taɓa komai. Sali. Sali. Sali.

"Ɗana, wa ke rubutun nan?" in ji Baffa a hankali.

Na rufe shafin. Kifayen sun tsaya cak. Hoton masallacin da ke bangon allon ya fara dusashewa, wani abu na tasowa ta cikinsa: hula, goshi, idanu biyu. Nan ya maƙale, ba baki ba haɓa, yana kallonmu. Malam Sali ne. Ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano da gurnanin na'urar. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Da ina da hankali, da na tuna rabin unguwa a wurinmu suke ɗaukar hoton katin shaida, kuma duk a jakar nan ake ajiyewa. Maimakon haka sai na buɗe baki na ce, "Baffa, bai kwanta ba. Akwai abin da yake nema." (Ni da ko izu biyu ban haɗa ba, na zama masanin al'amuran kabari.)

Baffa ya fita cikin ruwa ko laima bai ɗauka ba. Kafin la'asar magana ta kai wa Inna Dija, matar marigayin, da ke takaba. Aka ce ta ƙi abinci, tana kuka tana tambayar me ta yi masa da ya kasa hutawa.

Da Madam ta dawo, kallo ɗaya ta yi wa allon. "Ça rame, nauyi ne ya sa yake jan ƙafa, shi ke nan. Wa ya labta wa mashin ɗin nan kaya haka?" Ta kashe kifayen, ta cire agogunan. Nan take fuskar ta cika, sannan ta sauya zuwa ta mai naman bakin layi, wanda ke nan da ransa yana hura wuta. Da ta ji abin da na gaya wa Baffa, sai ta ce, "Tashi ka je ka gyara abin da ka ɓata."

Haka na ratsa maza zaune a tabarmi, na durƙusa a bakin labulen Inna, na yi gaisuwa, na ce, "Inna, ba shi ba ne. Kifayena ne suka yi wa mashin nauyi." Wani a bayana ya danne dariya da tari. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Can Inna ta ce, "A hoton, yana murmushi?"

Na ce eh.

"To ka buga mini shi, ɗana. Ba ni da nasa ko ɗaya yana murmushi."

Washegari na buga na kai mata, aka ce ta ci abinci. Har yau allona shuɗi ne fayau, ban ƙara masa ko ɗigo ba. In kuma dattijo ya tambaye ni abin da ya fi ƙarfina, cewa nake, "Ban sani ba, Baffa, a jira Madam ta dawo."