Farin Ƙarfe a Bindigar Kaka

"...da mutanen bakin teku? Da kifaye? Duk suna lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Sun ce in gaishe da awakin kan dutse, in na iske babbansu a shago."

"Ka iske shi. Zauna, amma a hankali, gadon nan don mutum ɗaya aka saƙa shi."

Zarwali bai ko ajiye magagarin da ke hannunsa ba. Shekararsa talatin da shida a wannan shago na kasuwar maƙeran bindiga ta Darra, inda in ka ji ƙarar harbi ka san ciniki ne ya kusa faɗawa, mai saye yana gwaji. Baƙon da ya cika masa ƙofa kuwa Lajbar ne, ɗan kawunsa, wanda ya tafi birnin Karachi na bakin teku da mota ɗaya da siririn wuya, ya dawo da motoci bakwai da tumbi. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba, yanzu da furfura ta fito abin sai ƙaruwa ya yi.

Ranar Asabar za a ɗaura auren ɗan Lajbar. A gidansu kuma tawagar ango ba ta fita sai bindigar Kaka Sarbuland tana gaba. Lajbar ne ya gaje ta, don shi ɗan namiji ne. Zarwali ɗan mace ne, ba shi da gado a cikinta, amma tun da Kaka ya rasu ba hannun maƙerin da ya taɓa ta sai nasa, kuma duk kasuwa ta san haka.

Lajbar ya kwance bargon da ya naɗo ta, ya shimfiɗa ta a kan gwiwarsa. Ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke kare kunama ya karye, ɓari ɗaya yana lilo.

"Faɗowa ta yi daga kan ƙusa," in ji shi, yana kallon rufi.

"Allah sarki. Ƙusar ba ta ji ciwo ba dai?"

"Bar shiririta, bawana. Na kawo maka aiki, na kuma kawo maka ilimi." Ya zaro wani sandan ƙarfe daga ƙarƙashin mayafinsa, fari tas, yana ɗaukar ido. "Ka san wannan?"

"Na sani mana. Da shi ake cokula."

"Cokula! Farin ƙarfe ne, ba ya tsatsa. Daga jikin jirgin ruwa aka yanko shi. Shekara arba'in yana wanka da ruwan gishiri, dubi fuskarsa, ya fi taka kyau."

"Ai komai ya fi tawa kyau, ban da taka."

"Da shi za ka ƙera mini sabo. Ina so surukaina na birni su hango ƙyallinsa tun daga bakin gada."

"Su hango me? Bindigar Kaka da haƙorin azurfa? Mutumin da ko zobe bai taɓa sawa ba?"

"Zamani ne, maƙeri. Duniya ta bar baƙin ƙarfe. Ko kwanon da ake ba kare ruwa a Karachi ya fi ƙarfen shagon nan tsafta."

"To ka ɗaura wa ango kwanon a kafaɗa."

Zarwali ya miƙa hannu ƙarƙashin teburi ya ɗauko nasa guntun ƙarfen, mai duhu, ba kyan gani, da ɗan jan tsatsa a gefe. Ya dangwara shi kusa da farin.

"Ga dangin bindigar. Ƙarfen gami, irin wanda aka yi ta da shi. Yana jin magana a hannu, yana karɓar rini, ya yi baƙi wuluk kamar sauran jikinta. Abu ɗaya yake so, mai. Ka shafa masa duk Juma'a, jikanka ma zai riƙe shi."

"Ka ji matsalar. Duk Juma'a! Ni mai motoci bakwai ne, ba ni da lokacin yi wa ƙarfe tausa."

"Na gani. Lokacin duk ya tafi wurin tausar tumbi."

"Tumbin nan gumina ne. Kai kuma shekara talatin da shida kana goga ƙarfe, ƙarfen bai ƙare ba, kai ka ƙare. In iska ta taso daga kan dutse sai an ɗaure ka a jikin injin shagon nan."

"Ni dai ina ganin ƙafata in na sunkuya."

Lajbar ya yi dariya har gadon igiyar ya yi kuka. Sai kuma ya gyara zama, ya fara naɗe bargon a hankali, yadda mai ciniki ke yi in yana so a riƙe masa riga.

"Shi ke nan. In hannunka ya tsufa, ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Ga shagon Toti can tsallaken titi. An ce shi ba ya tsoron farin ƙarfe."

Nan ne Zarwali ya ajiye magagarin. Ya san taubashinsa, rabin maganarsa iska ce, amma ɗaya rabin yakan aikata don kawai kada a ce ya fasa. In bindigar Kaka ta tsallaka titin nan a kafaɗar Lajbar, kafin azahar masu shayi sun kai labarin ƙarshen kasuwa: aikin gidansu ma an kai wa wani. Bai nuna komai a fuska ba. Ya ɗauki butar koren shayi ya cika ƙaramin kofi, ya tura masa.

"Toti ba ya tsoron komai, gaskiya ne. Ko kujerar roba ka kai masa zai sa mata kunama. Amma sha shayi tukuna, mu yi gwaji. Ba a barin shayin ɗan mace, ko da sarki ne."

"Wane gwaji?"

"Ka ba ni ɗan yanki daga cokalinka."

Ya ɗora sandan ya kama shi da zarto. Zarton ya yi ta ƙara yana zamewa, Lajbar yana tafi.

"Ka gani? Ka gani? Ya fi ƙarfinka!"

"Taurin kai ne, ba ƙarfi ba. Na saba da irinsa, tare muka tashi."

Da ƙyar yankin ya fita. Ya yanko wani daga nasa, ya goge su duka har suka yi fes, ya ɗaure kowanne da waya, ya zura su cikin tukunyar rini da ke tafasa a bayan shagon. Suka zauna jira. Aka ɗauke wuta, injin maƙwabci ya yi shiru, suka sha kofi uku uku, suka zagi juna a kan wanda ya fara faɗowa daga jakin Kaka, da wanda ya ci gurasar baƙi aka daki ɗayan. A kan gurasar, Lajbar ya rantse har sau biyu, wanda a wurin Zarwali hakan amsa laifi ne.

Da lokaci ya yi Zarwali ya jawo wayoyin. Nasa ya fito baƙi mai sheƙi, ya ɗora shi a jikin bindigar, sai ka ce tare aka haife su. Na Lajbar ya fito fari kamar yadda ya shiga.

"Ka gani," in ji Zarwali, "an kai shi makaranta ya dawo bai koyi komai ba. Kamar wani da na sani."

"Ai wannan shi ne darajarsa! Ba ya sauya hali don an tsoma shi a tukunya. Ni ban ce ka rina ba. Fari nake so."

"To. Fari kake so."

"Fari."

Zarwali ya jawo bindigar gabansa, ya kwance karyayyen ƙarfen, ya juya cikinsa zuwa haske. Duk ya yi zanzana, ramuka ƙanana ƙanana, wani wuri har ya huje.

"Lajbar, wannan ƙusa taka tana da haƙora?"

"Me kake nufi?"

"Faɗuwa tana lanƙwasa ƙarfe, ba ta cin sa. Wannan iskar teku ce ta yi walima. Shekara huɗu tana rataye a falonka don baƙi su gani, ko ɗigon mai ba ta samu ba. An goge bayan da tsumma jiya ko shekaranjiya, na ga alama, an manta da cikin."

"Yaran gida ne..."

"Yaran gida suka gaje ta?"

Lajbar ya kurɓi kofin da babu komai a ciki.

"Ni ba ruwana," Zarwali ya ci gaba, yana goge hannu. "Bindigarka ce. In ka ce fari, yau zan kashe magagari uku in yi maka fari. Abu ɗaya kawai nake tunani. Ranar Asabar, kafin ango ya fita, wa ake fara kai wa bindigar ta sa albarka?"

Kofin da ke hannun Lajbar ya tsaya a iska.

Gwaggo Gulalai, mahaifiyar Zarwali, ƙanwar uban Lajbar, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka. Ta haura tamanin da biyar. Tun tana yarinya ita ke shafa wa bindigar nan mai duk Juma'a har ranar da Lajbar ya tafi da ita, ta san kowane ƙwarzane da ke jikinta. Ta taɓa tayar da Lajbar daga gaban baƙi ta aike shi wanke hannu, yana da shekara hamsin.

"Idonta ai ya yi rauni," in ji Lajbar, muryar ta ragu.

"Ya yi. Baƙi a kan baƙi ba za ta gani ba. Amma abin da ka ce surukanka za su hango daga bakin gada, ita da za a ɗora mata a cinya fa? Za ta ce, Lajbar, ina ƙarfen ubana? Sai ka ba ta labarin ƙusa. A gaban surukan."

"Kai mugu ne."

"Ni maƙeri ne."

"Za ta ce in durƙusa."

"Za ta ce. Matsalar tashin ce, sai an kira direbobinka bakwai."

"To in aka yi baƙin, sabo ne fa, zai yi sheƙi."

"Wannan aikina ne. Zan tsufar da shi har ya girme ka."

"Kafin Asabar? Yau Laraba. Kai da kake kwana uku kana gyaran marfin buta?"

Zarwali ya jawo aljihun teburi na ƙasa, ya ture tsofaffin ƙusoshi da gwangwanin taba, ya fito da wani ƙunshin tsumma mai maiƙo. Ya kwance. Ga ƙarfen kare kunama, baƙi, gefensa ya ɗan koɗe daidai inda yatsa ke gogawa. Ya ɗora shi a gurbin, ya zauna daram, ya ɗaure shi, ya miƙa wa Lajbar bindigar.

Lajbar ya juya ta, ya sake juyawa, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya shinshina.

"Yaushe ka yi wannan?"

"Shekara huɗu ke nan. Satin da ka tafi da ita."

"Wato tun ranar ka yanke mini hukunci? Ɗan mace! Ka zauna kana jira in zo in ji kunya?"

"Ban jira a banza ba, duk Juma'a ina shafa masa mai. Ya fi uwarsa bindigar samun gata."

"To na ji, ka ci. Amma ka rantse mini, Gwaggo ba za ta ji wannan magana ba."

"Daga bakina? Ba za ta ji ba."

"Rantse."

"Na rantse. Ba ta buƙata ma."

"Kamar yaya ba ta buƙata?"

Zarwali ya ɗauki magagarinsa ya hure ƙurar da ke jiki.

"Wa kake tsammani ya sa ni ƙera shi? Motarka ba ta gama fita gari ba ta kira ni. Ta ce, wancan yaron ko kunnensa ba ya wankewa, balle bindiga. Ƙera abin da tsatsa za ta fara ci a jikinta, ka ajiye. In ya dawo da ita kada ka gaya masa da wuri, bar shi ya ɗan yi gumi."

Sai dariya ta ƙwace wa Lajbar, irin wadda ke farawa daga ciki, har ya dafa bango yana share ido da gefen mayafi. Toti ya leƙo daga tsallaken titi ya ga ko lafiya.

"Uwa da ɗa! Kun haɗa mini kai shekara huɗu!" Ya ɗauki farin sandan ya cusa wa Zarwali a hannu. "Ungo. Na ba ka kyauta. Ka yi abin da ka ga dama da shi."

Zarwali ya auna shi a tafin hannu, ya duba tsawonsa da ido ɗaya.

"Yanzu ka kawo ƙarfe wurin da ya dace. Tsinken tsire goma sha biyu zai fita a nan, ba tsatsa, ba wari. Ranar Asabar surukanka za su hango ƙyallinsa daga bakin gada."

"Na farkon da ya gasu nawa ne."

"Na Gwaggonka ne. Kai za ka kai mata da hannunka. Ka wanke shi tukuna."