Ranar da Ni da Baba Muka Kasa Faɗin Suna Ɗaya

Matso kusa ki ji, 'yar'uwa. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi yaren Latin a falonmu na unguwar Parkchester, nan ƙasar waje, ni da ko firamare ban gama ba.

Autata Hajara karatun lauya take yi. Tana hadda a kicin, ni ina tuƙa tuwo, kunnena kuwa ba ya barin komai ya wuce. A nan na tsinci wani Latin, "non compos mentis", wato wanda hankalinsa ba ya jikinsa. Ta ce alƙalan Turawan dā har rabawa suke yi: akwai wanda aka haifa haka, akwai wanda nasa ke zuwa yana tafiya, wai da tsayuwar wata. Na adana abina (ban san amfaninsa ba, amma ya yi mini daɗi a baki).

Sai wata rana surukina, Baba, ya ɓata a jirgin ƙasa. Da aka same shi, asibiti suka turo wata Baturiya gida ta gwada hankalinsa. In bai ci ba, maganar gidan tsofaffi za ta taso. Hajara ke fassara. Ya faɗi shekara, ya faɗi unguwa. Sai matar ta ce, "Mene ne sunan ɗanka na fari?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ta maimaita. Ya ce, "Wannan yaron dai." Na hango bironta ya fara gudu a kan takarda.

Ban san lokacin da na fito da muciya a hannu ba. Na ce, "Madam, Baba no non compos mentis. Compos ne, compos sosai."

Hajara ta rufe fuska. Matar ta yi murmushi, ta ce to madalla, ni in faɗa mata sunan, ai mijina ne.

Sunan maigida, a gaban mahaifinsa? Nan take Latin ɗina ya ƙare. Na ce, "Baban su Hajara." Ta ce suna take so. Na ce, "Shi dai." Ta dube ni, ta dubi Baba, kamar mai tunanin a tanadi gadaje biyu.

Hajara, tana dariya har da hawaye, ta yi mata bayanin kunyar ɗan fari da ta miji. Baba ya jero sauran 'ya'yansa da jikoki tas, bai tsallake kowa ba. Yana nan a ɗakinsa har yau, kuma Lauya yake kirana.

Na dai koyi cewa kafin in fito kare wani, in fara tabbatarwa ni ma zan ci jarrabawar. Amma sunan nan ban faɗa ba, kuma ban yi nadama ba. Ke da kin faɗa?