Gadar da Aka Sauke a Gonata

Zuwa ga mai girma Darakta, Kamfanin Ƙarfe Ba Ya Tsufa, Allah ya ƙara maka lafiya.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ina neman gafara in na katse maka aiki. Bara war haka, manyan motocin kamyo goma sha ɗaya suka sauke gadar ƙarfe a gonata, gabas da Ɗan Kassari. Takardar da ke jikinta ta ce za ta haɗa unguwar masana'antu da tsakiyar birni. Na duba da kyau, ranka ya daɗe. Bakinta ɗaya yana kallon injin niƙan Hakim, ɗayan yana kallon rumbuna.

Na ɗaya: a allo an koya mana cewa wanda ya yi tsintuwa sai ya yi cigiya shekara guda. Kowace ranar kasuwa ina zagayawa ina tambaya wa ya yar da gada. Yanzu masu tumatir suna ganina sai su sunkuyar da kai.

Na biyu: Malam Saminu ya ce a ɓoye alamomin abin tsintuwa, sai mai shi ya siffanta. Da me ake ɓoye gada, ranka ya daɗe? Zana tamanin muka saƙa da ƙanwata Sahura, ba mu rufe ko ƙafa ɗaya ba. Wani maƙeri ya zo ya ce tasa ce, ta faɗo masa daga amalanke. Ban ƙaryata shi ba, amma bai san adadin ƙusoshinta ba.

Na uku, shi ne mai nauyi: mutane sun daina bin hanya. Kowa sai ya ratso gonata ya hau gada, har jakuna. Hakim ma, da ke iya miƙo mini gari ta kan darni, yanzu sai ya tsallako. Ƙasa ta daddale kamar daɓe, ga hadari ya fara haɗuwa, ni kuwa ba ni da inda zan jefa irin hatsi.

Shekarar cigiya ta cika jiya. Malam ya ce in yi sadaka da ita a madadinku, amma duk mabuƙacin da na yi wa tayi sai ya yi mini addu'a ya wuce.

Don haka nake roƙo, ba umarni ba: ku zo ku ɗauki kayanku kafin ruwan shuka. In kuwa nauyi ya hana, ku aiko da kogin, mu koma noman shinkafa.

Taka mai biyayya, da gwiwa biyu a ƙasa,
Zalika ɗiyar Malam Buba