Yadda Za Ka Ƙara wa Sunan Ƙauyenku Shekara Dubu

Hukuma za ta haɗe ƙauyenku da na maƙwabta, ta ce sunan da ya fi tsufa shi zai zauna a allon hanya? Kwantar da hankalinka, bi matakan nan, sunanku sai ya kai Landan. Matakan nan ne Mista Aldous Threlfall na ƙauyen Skelderby ya bi lokacin da suke ja da mutanen Hobbeck.

1. Dagula sunan

Mutanen dā ba sa rubuta suna iri ɗaya sau biyu, kai ma kada ka fara. Threlfall ya jero Sceldrebi, Skeldreby, Schelderbie, ya liƙa wa kowanne shekara. Duk wanda ya tambayi inda ka gani, harare shi ta saman tabarau.

2. Samo kaka

Ka ce jarumi mai jan gemu daga Denmak, da gatari, shi ya kafa ƙauyen. Makiyayin aladu kuwa kada ka yarda, ko da shi ne gaskiyar.

3. Tsufar da takarda

Rubuta sunayen da labarin kakan a takarda, ka jiƙa ta a shayi, ka shanya. Threlfall, bawan Allah, shekara sittin hannunsa bai taɓa haɗa shayi tsura ba. Ya zuba madara, ya bi da sukari cokali uku, ko a jikinsa.

4. Baje ta a ɗakin taron coci

Threlfall ya sha kwat, ya shimfiɗa takarda, ya yi gyaran murya. Sai Misis Oddie ta Hobbeck, tsohuwar da ta koyar da shi a firamare, ta dogaro sandarta, ta sunkuya ta shinshina. Kiyashi har sun yi layi.

"Aldous, ɗan nan," in ji ta, "kakan naku ma cokali uku yake sha?"

Limamin cocin kansa sai da ya riƙe ciki don dariya.

5. Rungumi ƙaddara

Yanzu Hobbeck ne a allon, Hobbeck a wasiƙunsa. Threlfall zagayen mil huɗu yake yi kada ya gani, kuma wallahi ya ban tausayi. Wuri ɗaya ya rage da aka rubuta Skelderby: dutsen kabarin mahaifinsa. Kowace Lahadi yana can da buroshi yana kankare gansakuka.

In ka bi matakan nan aka yi maka dariya, babu ruwana. Shayi na ce, ban ce madara ba.