Yadda Ake Zama Masanin Ciyawa a Garkar Tsohuwa

Kai mai son a kira ka masani alhali ba ka taɓa riƙe fartanya ba, matso kusa. Ni Asama'u mai lalle ta Fagge, a garkata aka gwada hanyar nan ina tsaye, kuma wallahi tana ci.

1. Samo gajeren wando da katako biyu

Da su Cyprian na Sabon Gari ya fara. Wani Bature ne ya ɗauke shi aikin tara ganye: a tsinko, a sa a tsofaffin jaridu, a danne tsakanin katakon biyu, ya bushe, a rubuta inda aka samo shi, a sa a jirgi. Mu in mun shanya ganye miya muke yi. Su kallo suke.

2. Nemi lallen da rumfar gada ta fara kamawa

Ka san ta ai. Zaren nan rawaya, ba saiwa ba ganye, ta nannaɗe itace tana tsotso har ya bushe. Ka iso daidai lokacin da tsohuwa ta ɗaga lauje za ta sare reshen ta ƙone.

3. Ƙwalla ihu

"Mama, tsaya! Kada ki sare!"

"Ta gidanku ce?"

"Bature yana so, amma sai da fure da 'ya'ya. Ki bari ta yi. Har Ingila za a ji labarin garkarki."

Kada ka manta da Ingilar nan. Ita ke sa a ajiye lauje.

4. Ɓace

Kada a sake ganin ƙeyarka sai damina ta wuce. Kafin nan zaren ya tsallaka daga wannan itace zuwa wancan, garka ta yi rawaya kamar an yi ɓarin taliya. Ga kaka ta zo, bukukuwa ko'ina, masu amare suna sallama a ƙofa, tsohuwa ba ta da ganyen da zai rina ko farce ɗaya.

5. Dawo da fara'a

Yanki abin da bai wuce tafin hannu ba, ka cika kwando da ragowa ko za a buƙata. In ta tambayi me kake rubutawa, karanta mata da alfahari: "Fagge, a kan lalle, tana da yawa."

"Wa ya sa ta yi yawa, ɗan nan? Ka dasa mini lallena!"

Ka ce Bature zai duba. Bature kullum yana dubawa.

6. Kai aikin gida

Zauna a tsakar gida ka zaɓi mai kyau. Sauran, watsa shi can gefe, a kan shuwakar matarka. Masani ba ya kallon inda shara ta faɗa.

7. Jira

Felicia, matar Cyprian, da shuwakar nan take cin kasuwa. Wata safiya sai ga ta a Fagge, zane a ɗamare, hannu ɗaya riƙe da reshe duk zare, ɗayan riƙe da rigar mijinta, shi yana ciki.

"Mama, wannan ce ta cinye miki lalle?"

"Ita ce, 'yata. Ki bari ta yi fure. Za a ji labarinki a Ingila."

Ba ta yi dariya ba. Ni na yi mata har da tata.

Muka sare, muka ƙone, nata da nawa. Yanzu duk Lahadi in an taso daga coci, masani yana garkata da fartanya yana dasa lalle, Felicia na zaune a kan turmi tana nuna masa inda ya tsallake. Saura rabin garka, kuma ba zan yafe ko itace ɗaya ba.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da kanta a tafin hannu da mata mai fushi, kada ya nufo ƙofata. Ni lalle nake sayarwa. Ya tafi wurin Bature, zai duba.